Miƙaƙƙe da Lanƙwasasshe: Kakaki da Turombon a Ƙasar Zazzau

Daga Samaru zuwa ƙofar fadar Zazzau ba wata doguwar tafiya ba ce. Mutum ya fito Samaru ya bi titin Sakkwato, ya wuce Kwangila, ya ratsa Sabon Gari, ya haye gadar Kubanni zuwa Tudun Wada, sai ga Ƙofar Doka. Amma a wannan ɗan tsakanin akwai gidajen busa iri biyu waɗanda ba su cika gaisawa ba. A ɓangaren Sabon Gari akwai begilar bariki da badujalar fareti da 'yan busan majami'u, kuma a sahun gabansu galibi za ka ga masu riƙe da wani ƙahon tagulla da ake ja ana turawa da hannu, shi ne turombon. A cikin birni kuwa akwai kakaki da farai da algaita da tambari, kayan sarauta da ba a taɓa su sai da izini. Yawancin mutane sun ɗauka ɗaya ɗan gida ne, ɗayan baƙo ne da Turawa suka zo da shi, magana ta ƙare. Amma kakaki da turombon jikokin kaka ɗaya ne, kuma duk wahalar da maƙeran turombon na wannan zamani ke sha a kan bawul, ƙoƙari ne na dawo da wani abu da kakaki bai taɓa rabuwa da shi ba.

Kakan nasu shi ne dogon ƙahon ƙarfe miƙaƙƙe da Larabawa ke kira nafir. A daulolin Musulunci na tsakiyar zamani, tun daga Masar har Magrib, nafir da ganguna alamar mulki ne. Ana busa su a ƙofar sarki a lokuta sanannu, kuma ba kowane hakimi ake yarje wa mallakarsu ba. Ibn Battuta ya ji irin wannan busa a fadar Mogadishu a 1331, ya sake jin ƙahonni da ganguna a fadar Mali bayan shekara ashirin da 'yan kai. Har yau a tsofaffin unguwannin Fas da Marrakesh akwai mai busa nafir da ke tashin mutane sahur, a Uzbekistan kuma ɗan'uwansa karnay ne ke buɗe biki. Wannan ƙaho ya bi hanya biyu. Ɗaya ta ratso Sahara ta yi kudu, ɗayar ta tsallake Bahar Rum ta yi arewa, ta hanyar Andalus da yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya.

Hanyar kudu ita ce tamu. Kundin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tare da figini da takalman gashin jimina da kasuwar Kurmi da gidan sarautar da har yau ke ɗauke da sunansa. Malaman Timbuktu kuma, a cikin Tarikh al-Fattash, sun danganta shigar kakaki daular Songhai da yaƙin da Askiya Muhammadu ya kai ƙasar Azbin wajen shekarar 1500. Ko ta wace ƙofa ya shigo, ƙarshen ƙarni na 15 ne lokacin da ya zauna daram a fadojin wannan yanki, daga nan ya bazu. Ya je Nupe da Ilori da Oyo, ya je Nikki ta ƙasar Bargu inda ake busa shi a bikin Gani, ya je fadojin lamiɓɓen Adamawa da arewacin Kamaru. Duk inda ya je, sunansa da dokarsa sukan bi shi: na sarki ne.

A arewa kuwa abin ya ɗauki wani salo. Turawa sun karɓi ƙahon a miƙensa, kuma wanda aka tono daga laka a bakin kogin Thames a Landan a 1984, na ƙarni na 14, gaɓa-gaɓa ne da ake harhaɗawa, duk Bazazzagin da ya gan shi zai ce ƙanen kakaki ne. Amma wajen shekarar 1400 maƙeran Turai suka gano yadda ake lanƙwasa bututun tagulla ba tare da ya lotse ba. Sai a cika shi da narkakkiyar dalma, ta daskare, a tanƙwara, sannan a sake narkar da dalmar ta fita. Da aka iya wannan, dogon ƙaho ya naɗe ya zama abin riƙewa a hannu ɗaya. Bayan wasu shekaru aka ƙara dabara ta biyu, aka zura bututu biyu cikin wasu biyu yadda za su riƙa zamewa, mai busa ya tsawaita ƙahon ko ya gajarta shi yana cikin busa. Wannan shi ne turombon. Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunansa yana jikin bangon wata majami'a a Rum, zanen Filippino Lippi, wanda aka yi tsakanin 1488 da 1493. A duba shekarun nan da kyau: Rumfa yana kan gadon Kano. A daidai lokacin da kakaki ke samun gindin zama a ƙasar Hausa, ɗan'uwansa yana can yana lanƙwashewa a Italiya da Burgundi.

Me ya sa ɗaya ya lanƙwashe ɗaya ya ƙi? Amsar tana cikin halin bututu. Duk bututun da aka busa da leɓe, muryoyi ƙidayayyu yake bayarwa, kuma tsawonsa ne ke yanke su. Mai busa ya matse leɓe ya hau zuwa ta sama, ya sassauta ya sauko ta ƙasa, amma tsakanin wannan da waccan akwai gibi, kuma a ƙasa-ƙasa gibin yana da faɗi. Wanda ke son muryar da ke cikin gibin dole ya sauya tsawon bututun. Turawa sun buƙaci muryoyin cikin gibin domin waƙar majami'arsu ta jerin muryoyi ce, ta manya da ta yara suna tafiya tare, kuma ana son ƙaho ya bi kowace murya taki-taki. Turombon na yau tsawon bututunsa wajen mita 2.7 ne, zamiyarsa tana da matsaya bakwai, kowace tana sauke murya rabin taki, ta haka ake cike gibin.

Fadar Hausa ba ta nemi wannan daga kakaki ba. Kakaki magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗo, don haka muryoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, in an haɗa su da tsawon gaɓa da gajartarta, sun isa a faɗi taken sarki yadda duk ɗan gari zai gane. Mai kakaki ba ya bin waƙar kowa. Yana sanar da fitowar sarki, yana kiran kakanninsa, yana gargaɗin maƙiya. Wanda ke son zaƙin waƙa sai ya juya ga algaita, ita ke da ramuka da yatsu. Saboda haka masu cewa kakaki ya tsaya wuri ɗaya don rashin dabara ba su fahimci aikinsa ba. Tsawonsa ma wani ɓangare ne na aikin, don idan masu busa suka ɗaga su sama a hawan sallah ko hawan daushe, ido yana ganin sarauta kafin kunne ya ji ta. A naɗe shi ya koma ɗan ƙarami, an kashe rabin amfaninsa.

A Zazzau wannan al'ada ta sha guguwa ba ta faɗi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitab al-Farq, ya soki shagaltuwar sarakunan Haɓe da kaɗe-kaɗe. Da jihadi ya zo, Malam Musa ya ci Zazzau a 1808, Sarki Makau ya yi kudu da mutanensa, daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Duk da haka sarakunan Fulani ba su daɗe ba suka ga mulki ba ya tafiya babu tambari da kakaki, sai aka ci gaba da sara, wato busa da kiɗan daren Juma'a a ƙofar fada. Wannan tsari ne David Ames ya tarar da ya zo bincike Zariya a shekarun 1960, wanda ya haifar da ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka fitar shi da Anthony King a 1971. Bayansu Kenneth Gourlay, wanda ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi diddigin dogayen ƙahonnin arewacin Nijeriya a kundayen tarihi da labaran matafiya, ya wallafa a 1982. Abin lura shi ne kakaki tun asali kayan sautu ne. Ba a zuwa kanti a saya. Maƙerin fari ne ke yin sa, ya yanka fallen tagulla ko na gwangwani, ya naɗe shi a jikin sandar ƙarfe, ya like da tsinadari, ya yi shi gaɓa biyu da ake rabawa idan an tashi tafiya, tsawonsa ya kai mita biyu zuwa uku, wani ma ya zarce. Da garwar kananzir ta yawaita a zamanin Turawa, ita ta zama mafi sauƙin samu.

Turombon ma da sautu ya fara. A ƙarni na 16 birnin Nuremberg na Jamus shi ne cibiyar ƙerarsa, kuma sana'ar gado ce ta gidaje sanannu. Gidan Neuschel sun yi wa sarakunan Turai aiki, har Fafaroma Leo na 10 ya yi sautun turombon na azurfa a wurinsu. Mafi tsufan turombon da ya rage a duniya na Erasmus Schnitzer ne, na 1551, yana gidan tarihi a Nuremberg ɗin. Shekara ɗari uku turombon ya yi yana aiki a majami'u da hasumiyoyin birane, inda 'yan busan gari ke hawa su yi busar safe da ta yamma a kan albashin hukuma, kafin Beethoven ya shigar da shi ƙarshen babban kiɗansa na biyar a 1808, shekarar da Zazzau ta sauya hannu.

Sai bawul ya zo. Heinrich Stölzel, mai busa ƙaho a ƙasar Purusiya, ya bayyana dabarar a 1814, kuma a 1818 aka ba su takardar mallakar fasaha shi da Friedrich Blühmel, mabushi a badujalar masu haƙar ma'adinai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya ya ga yadda ake murɗa ƙarfen canjin layi jirgi ya bar hanyar Kano ya kama ta Gusau, ya riga ya san aikin bawul: yana karkatar da iska ta bar babbar hanya, ta zagaya wani ƙarin bututu, sannan ta dawo, tsawon ƙaho ya ƙaru nan take. Iri biyu ne suka yi nasara. Akwai mai juyawa, wanda Joseph Riedl ya kammala a Biyana a 1835, ɗan ganga ne da ke murɗawa rubu'in zagaye. Akwai kuma mai dannawa, wanda François Périnet ya fitar a Faris a 1839, shi ne maɓallan nan uku da ake gani a kan ƙahon 'yan badujala.

Bawul ya ceci ƙananan ƙahonni, don su ba su da zamiya. Turombon kuwa bawul ya kusa halaka shi. A Italiya da Ostiriya da Bohemiya aka cire zamiyar gaba ɗaya aka sa maɓallai uku, saboda ya fi sauƙin koyo, ya fi sauri, kuma sojan doki zai iya busa shi da hannu ɗaya yana riƙe da linzami. Irinsa Verdi ya rubuta wa yawancin kiɗansa. Adolphe Sax, ɗan Beljiyam da ke Faris, ya kai abin ƙarshe, ya yi mai maɓalli shida, kowanne da bututunsa, ya fito da wata curarriyar tagulla mai nauyi da wuyar sarrafawa. Kafin ƙarnin ya ƙare kunne ya yanke hukunci. Mai maɓalli muryarsa a shaƙe take, kuma ba ya iya daidaita sauti da ɗan motsin hannu yadda mai zamiya ke yi. Aka koma wa zamiya. Mai maɓallin ya tsira a badujalar ƙauyukan Turai da Indiya da Latin Amurka, da hannun 'yan jaz kamar Juan Tizol na ƙungiyar Duke Ellington.

Sulhun da ya ɗore, wani maƙeri a Leipzig ne ya ƙulla shi, Christian Friedrich Sattler, a 1839. Ya bar zamiya a inda take, ya ƙara bawul guda ɗaya tak a bayan ƙahon, kusa da wuyan mai busa, wanda ake dannawa da babban yatsan hagu. Idan aka danna, iska ta bi ƙarin bututu na kusan mita guda, murya ta faɗa ƙasa, kuma muryoyin da sai an miƙe hannu har ƙarshe ake kamo su suka dawo kusa. Duk gardamar da ake yi yau a kan bawul ɗin turombon, a kan wannan guda ɗayan ake yin ta.

Turawan Ingila ba su yi saurin karɓar wannan ba, kuma ta hannunsu turombon ya iso mana. Sojan Ingila sun shiga Zariya a 1902. Layin dogo daga Baro ya ratsa ta ya kai Kano a 1911, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi wanda ya yi wa aikin Waƙar Diga, kuma tashar ce ta haifi Sabon Gari, inda aka zaunar da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos ya riƙa sauko da kuza, kuzar ta je Ingila a shafe fallen ƙarfe da ita, ta dawo mana a jikin garwar kananzir, maƙeri ya yanka ya yi kakaki. A 1922 aka buɗe gonar gwaji a Samaru, a 1924 aka kafa Defo na horar da kuratan soja, a 1954 aka buɗe makarantar yaran soja wadda ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya, a 1962 kuma Jami'ar Ahmadu Bello. Barikin Defo ya samu sunan Chindit ne daga rundunar da bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a Bama a 1944. Kurtu tun ranar farko da begila yake tashi, da ita yake ci, da ita yake kwanciya, kuma begila ba ta da bawul ba ta da zamiya, ita ma muryoyi kaɗan take da su, ita ma umarni take bayarwa. A wannan fuska ta fi kusa da kakaki fiye da duk abin da ke cikin badujala.

Badujalar kuwa tsarin Ingila ta bi. Turombon ɗin sojan Ingila na wancan zamani siriri ne, mai kaifin murya, aikin kamfanoni irin su Besson da Boosey da Hawkes, waɗanda biyun ƙarshe suka haɗe a 1930. Babbansu mai kaurin murya zamiyarsa ta fi ƙarfin hannun mutum tsawo, amma maimakon su sa masa bawul irin na Jamusawa, sai suka maƙala masa ɗan sanda mai mariƙi da ake tura zamiyar da shi, suka zauna a haka har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga bariki busar ta tsallaka zuwa majami'u da makarantun mishan da ƙungiyar yara ta Boys' Brigade, wadda ta shigo Nijeriya a 1908, daga nan ta shiga gidajen rawa ta zama ƙashin bayan kiɗan hailaif. Bala Miller, ɗan asalin Zazzau da ya rasu a 2003, ta wannan hanya ya biyo, ya goge a Calabar Brass Band a Legas kafin ya kafa ƙungiyarsa ta Pirameeds a Kaduna, yana waƙa da Hausa a kan busar tagulla.

Bayan yaƙin, Amurka ta karɓi ragamar sana'ar. A 1954 kamfanin Conn ya fitar da samfurin 88H tare da shawarar malamin busa Emory Remington, mai faɗin bututu inci 0.547 da baki inci 8.5 da bawul mai juyawa. Shi da abokin gasarsa Bach 42B suka zama ma'auni har a Ingila, aka ajiye siraran nan. Amma da bututu ya yi faɗi, murya ta yi kauri, sai aibin bawul ya fito fili. A cikin mai juyawa iska tana karya kwana mai tsanani, wajen digiri 90, ramin kuma a ɗan matse yake. Mai busa yana jin ƙahon a sake, da ya danna bawul sai ya ji kamar an toshe masa hanya, muryar ta dushe. A shekarun 1970 wani mai gyara a Kalifoniya, Larry Minick, ya fara warware ƙarin bututun nan da ake cukurkuɗewa a cikin ƙahon, ya miƙar da shi baya ya rage masa kwana. Ya taimaka, amma ainihin matsalar tana cikin bawul ɗin kansa.

Orla Ed Thayer, Ba'amurke injiniya kuma mabushi, shi ya tunkare ta, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1978. Ya jefar da ɗan gangan, ya yi bawul mai siffar mazurari wanda ke juyawa a kan layin da iska ke bi, yadda karkacewar ba ta wuce wajen digiri 25 ba. Masu busa, musamman na babban turombon mai bawul biyu, suka ji kamar an buɗe musu taga. Amma kowane gyara da kuɗinsa. Mazurarin yana da faɗin fuska, kuma ba abin da ke hana iska tsiyaya sai dacewar ƙarfe da ƙarfe da ɗan man da ke tsakani, don haka yana son mai a kai a kai da kwancewa a wanke. Yatsa yana yin tafiya mai nisa kafin ya juya. Wasu kuma suka ce ya sake da yawa, yana shan numfashi, bakin kowace murya ba ya fita tsaf. A nan aka gane cewa 'yar turjiyar da tsohon bawul ke yi ba aibi ce zalla ba, akwai masu busa da ke jingina da ita.

Daga nan kowa ya nemi tsaka-tsaki. René Hagmann na Janeba ya fitar da nasa a 1990, ganga ce mai rami wadda aka like ƙananan bututu uku a cikinta, kwanarsu ta fi ta Thayer amma ba ta kai ta tsohon ba, kuma tana da sauƙin kwancewa. Gary Greenhoe, wanda ya daɗe yana busa a ƙungiyar kiɗa ta Milwaukee, ya koma kan mai juyawar ya gyara shi, ya tabbatar ramin ya zauna a zagayensa babu matsewa, ya huda masa 'yar kafar da ke sakin iska don kada a ji ɓat lokacin dannawa. Christian Lindberg na Suwidin ya yi aiki da Conn suka fitar da mai gajeriyar tafiyar yatsa, saboda shi sauri ya dame shi. Kamfanin Shires kuma ya yi wanda idan ba a danna shi ba iska ke wucewa sak, kamar babu bawul a wurin. Idan aka jera su duka, abu ɗaya suke nema ta hanyoyi dabam-dabam, wato ƙaho mai muryoyin lanƙwasasshe da numfashin miƙaƙƙe. Shekara ɗari shida bayan an tanƙwara nafir, injiniyoyi suna kashe basira don iska ta manta an tanƙwara shi.

Wannan gasa ce ta dawo da sana'ar sautu. Edwards ya buɗe a Wisconsin a 1989 da bawul irin na Thayer, Steve Shires ya kafa nasa a Massachusetts a 1995, Michael Rath yana ƙera nasa a yankin Huddersfield na Ingila, gidan Thein kuma suna Bremen. Tsarinsu shi ne mai saye ya je ya gwada gaɓa-gaɓa, ya zaɓi baki dabam, zamiya dabam, bututun farko da ke bayan mabusa dabam, bawul dabam, a ɗaure masa. Har ƙarfen ana zaɓa: tagulla mai ruwan ɗorawa kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ce sauran tutiya, mai ruwan zinariya kashi 85, ja kuma kashi 90, kuma masu busa sun yi ittifaƙin cewa yawan jan ƙarfe yana tausasa murya. Kuɗin guda ɗaya dubban daloli ne. A ganina bambancin da ke tsakanin waɗannan bawuloli mai busa ne ke jin sa a leɓensa da ƙirjinsa fiye da yadda mai sauraro ke jin sa a kunne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi awa uku yana busa, amma ba shi ke mayar da ɗan koyo gwani ba.

Ga mai busa a Sabon Gari ko Samaru, lissafin ya sha bamban da na Amurka da Turai. Abin da ke hannun yawancin 'yan badujalarmu kayan masana'anta ne masu araha, na Sin da na Indiya, ko na hannu da aka shigo da su. Abokin gabarsu na farko ƙurar hunturu ce. Zamiya tazarar da ke tsakanin bututunta na ciki da na waje ba ta fi kaurin takarda ba, ƙura ta shiga ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe, ta cinye shi a hankali. Bawul ɗin Thayer, da faɗin fuskarsa da ƙishirwar mansa, shi ne zai fi shan wuya a watan Janairun Zariya, kuma idan ya fara tsiyaya babu mai gyaransa a kusa. Tsohon mai juyawa, duk da shaƙewar da ake zarginsa da ita, a rufe yake ruf, yana jure sakaci, kuma duk mai gyaran agogo ko keken ɗinki da aka nuna wa sau ɗaya zai iya kwance shi ya mayar. Ga fareti kuwa, turombon marar bawul ya fi, ba shi da nauyi a kafaɗa, muryarsa tana ratsa fili, kuma kiɗan maci bai cika neman muryoyin ƙasan da bawul ke bayarwa ba. Kuɗin da za a kashe kan bawul mai suna, gara a kashe shi kan zamiya mai kyau da akwatin ajiya mai rufuwa.

Abin da ya fi kashe waɗannan ƙahonni a wurinmu lotsewa ce. Yaro ya buga zamiya a jikin benci, ta ɗan lotsa, ta fara cijewa, sai a kai wa mai walda ya sa mata wuta mai yawa ya ƙarasa ta. Gyaran na gaskiya da sandar ƙarfe mai santsi daidai faɗin bututun ake yin sa, a zura ta ciki, a bi lotsin da ƙaramar guduma a hankali har ya tashi, inda ya rabu kuma a like da dalma a kan wuta kaɗan. Wannan aikin maƙeran fari ne, su da suke naɗe falle a kan sanda suna fitar da kakaki, kuma hannun da ya iya haɗa gaɓoɓin kakaki biyu su shiga juna ba tare da iska ta tsere ba, sanduna masu awo daidai kawai yake buƙata ya tayar da zamiyar turombon.